Shekarar da Aka Kwaɓa Ƙasa da Igiya

Jikana ne ya tayar mini da wannan tunanin, shi kuwa bai san ya yi ba. Yana karatu a kwaleji can Bici, kuma a hutun nan da ya wuce shi da abokansa suka sauke wani inji a ƙofar gidanmu. Akwatin ƙarfe ne mai dogon hannu kamar na famfon burtsatse. Sai su tankaɗe jar ƙasa kamar mata za su tuƙa tuwo, su barbaɗa ɗan siminti, su kawo zaren rama da suka daddatsa gajeru-gajeru su cakuɗa, su yayyafa ruwan da bai isa ya jiƙa tafin hannu ba. Daga nan su cika akwatin, mutum biyu su rataya a jikin hannun su danne har ƙarfen ya yi ƙara. In suka ɗaga, sai bulo ya fito sumul da kusurwoyinsa, kamar an yanka sabulu. Ina zaune a kan tabarmata a bakin zaure ina kallonsu, sai yaron ya ɗauko wanda ya kwana biyu da bushewa ya ɗora mini a cinya. Na sa farce na karta, bai kartu ba. Na ɗaga shi na saki a ƙasa, ko gefensa bai ɓantare ba. Abu ya yi kyau, ba ni da abin kushewa.

Ya durƙusa ya ce, "Baba Tsoho, malaminmu ya ce ku ma da can kuna sa ciyawa a ƙasar gini. In ƙasa ta kai kwando goma, ciyawa kamar nawa kuke zubawa?"

Na ce masa ban sani ba. Ya yi dariya, ya zaci tsokanar nan ce da muka saba ta kaka da jika. Na ce, "Wallahi ban sani ba. Mu ba ma aunawa. Shiga muke yi muna takawa, in ta isa ƙafa za ta ji." Ya dubi ƙafafuna da suka kumbura, ya dubi ƙasarsu wadda ba ta da ruwan da za a taka, ya ce to Allah ya ƙara lafiya, ya koma wajen abokansa. Ya zo neman abu a wurina, ban sami abin da zan ba shi ba. Tun ranar nake juya abin a raina.

A zamanin da na tashi, gini ba da ƙasa ake fara shi ba, da ciyawa ake farawa. Tun damina tana ja da baya ake tura mu samari da lauje, mu bi burtali da gefen gonaki da bakin fadama muna yanka. Wata a ɗora a kan rumfa don dabbobi su ci da rani, wata a shimfiɗa a turke, jaki da awaki su yi ta tattakawa suna fitsari a kai har ta yi laushi ta dagargaje. Wannan ita ce ramno, kuma warinta yana nan a hancina har yau, ban ce yana da daɗi ba, amma duk inda ka ji shi ka san wani gida zai ƙaru. Bayan an gama girbi, amfani ya shiga rumbu, sai a nufi kududdufin bayan gari da galma. A haƙo ƙasa, jakuna su yi ta jigila a mangala, a tara a ƙofar mai gini, a buɗe tsakiyarta a zuba ruwa a bar ta ta kwana tana sha. Da sassafe, sanyi yana cizo, mu naɗe wando mu shiga. Ƙafa takan mutu da farko, har ba ka jin yatsunka, sai can jiki ya ɗau zafi. Wani dattijo yana tsaye a gefe da kwandon ramno yana watsa mana, mu kuma muna zagayawa, caɓal-caɓal, wani ya ɗauko waƙa sauran su amsa. A bar ƙasar ta kwana biyu ta ruɓa, a sake takawa, sannan a zauna mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a jera a rana kamar garken zabi sun kwanta. Ranar ɗora gini magini yana zaune a kan bango ya ware ƙafafu, a jefa masa tubali daga ƙasa ya cafe, ko kallo ba ya yi, hira ma yake da na kusa da shi.

Ba na cewa aikin yana da sauƙi. Diddigenmu kan tsage har jini, Inna ta narkar da man kaɗanya ta ɗiga mana a ciki muna ihu. Amma ba a taɓa barin mutum shi kaɗai da ƙasarsa ba. Gayya ake yi, yau a ƙofar wane, jibi a taku, abin da mai gini zai fitar fura ce a ƙwarya da goro. Yanzu abin da ke tashe ni bayan sallar asuba shi ne injin buga bulon siminti da ke bakin titi, yana girgiza ƙasa har cikin haƙorana. Tifa ce ke kawo yashi, lebura biyu ko uku su yi aikinsu ba wanda ya san sunan ubansu, su karɓi nasu su tafi. Kududdufin da muka haƙa, rabinsa an cike an yanka filaye, rabin kuma leda ce da ruwan kwata. Burtalin da nake yankan ciyawa gonaki sun ci shi ta hagu da dama, har ya zama akuya biyu ba sa wucewa a jere. In yau wani ya ce zai yi ramno, ban san inda zan nuna masa ya je da laujensa ba.

Kakana, mahaifin Baba, magini ne a ƙuruciyarsa, zaurukan unguwarmu da yawa hannunsa ne. Amma ni ban riske shi a kan bango ba. Lokacin da na yi wayo yanar ido ta riga ta rufe masa gani, haske da duhu kawai yake bambancewa. Sai ya koma tufkar igiya. Baba yakan shuka masa rama a kan iyakar gona, in ta isa mu sare mu jiƙa a kududdufi, mu saɓe ɓawon mu wanke mu shanya, ta fito fara sol. Shi kuma ya zauna a zaure ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin igiyar a babban yatsa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi ta murzawa tun hantsi har la'asar. Da wannan ƙarar nake sanin yana lafiya in na shigo gida. Yana yin ta ɗaurin awaki, da dabaibayi, da ta ɗaurin kaya, da ta guga. In ya gama ya naɗe, ni nake hawa in rataya masa a jikin azara. Yakan tara su ne sai damina ta faɗi, lokacin da kowa zai ɗaure dabbarsa kada ta shiga shuka, sai masu saye su yi ta sallama. Da abin da ya samu yake sayen goronsa. Yakan ce shi dai kada Allah ya nuna masa ranar da zai buɗe baki ya tambayi ɗansa goro. Ba wai Baba zai hana shi ba ne, shi ne ba ya so.

Sai aka yi wata shekara, na fara zama saurayi, ruwa ya ɗauke tun gero yana fitar da kai. Dawa ta bushe a tsaye. Ciyawa ma ba ta yi tsawo ba, sai in fita da sassafe in yi tafiyar da ƙafata ba ta taɓa yi ba, in dawo bayan azahar da ɗan damin da hannu ɗaya zai rungume. Abin da na tara duka a kan rumfa na ɗora, ba a shimfiɗa ko kaɗan a turke ba, don ba mai zancen gini a wannan shekarar. Ciyawar ta Duna ce. Duna jakinmu ne, baƙinsa ya sa muke kiransa haka, kuma ni nake kula da shi tun yana ƙarami. A wannan rani shi ne abincin gidanmu. Ni da Baba mu sassaro itace mu ɗora masa, mu kama hanyar birni tun gari bai gama wayewa ba, mu sayar mu auno ɗan garin rogo, a dawowa kuma ya ɗauko takin da za a zuba a gona. Ranar da bai je ba, Inna ba ta ɗora tukunya.

Tun kafin girbin nan mijin Gwaggo ya rasu. Ita ce ƙanwar Baba, autar Kaka, tana aure a wani ƙauye gabas da mu. Da ta fita takaba, dangin mijin su kansu ba su da abin da za su ba ta, sai ta dawo gida da 'yar yarinya riƙe a hannu da jariri a goye. Ɗaki babu. Na Inna cike yake da ƙannena, ni kuma a zaure nake kwana tare da Kaka. Baba ya kafa mata rumfar kara a kusurwar gida, ya kewaye da tsohon zana. Iska tana shiga ta ko'ina, jaririn ya kama tari. Kowa kuma ya sani in ruwa ya sauko, wannan rumfar ba wurin kwanan mutum ba ce.

Baba ya ce za a yi mata ɗaki kafin damina. Ƙasa ba ta yi wuya ba, rijiya ma ba ta ƙafe ba tukuna. Ramno ce babu, ba a gidanmu ba, ba a gidan maƙwabta ba, ƙaiƙayi da ganyen kara kuwa dabbobi sun daɗe da cinyewa. Inna ta ce a gwada haka nan. Muka kwaɓa zallar ƙasa, muka mulmula 'yan tubala kaɗan muka shanya, kafin su gama bushewa duk sun tsattsage. Na kai wa Kaka guda. Ya shafa shi, ya sa babban yatsa a tsagar ya ɗan murɗa, tubalin ya rabe biyu a hannunsa. Ya ce, "Ƙasar garin nan ba ta tsayawa ita kaɗai. In kuka ɗora wannan, ruwan farko zai kwantar da shi a kan yarinyar nan da 'ya'yanta."

Baba ya yi kwanaki yana neman mafita. Rannan da yamma mun dawo daga birni, ina sauke wa Duna mangala, sai ya tsaya a bayana ya ce, "Gobe ka sauko da ciyawar nan ka daddatsa."

Na ce, "Baba, Duna fa?"

Ya ce, "Na san da shi."

A zamaninmu ɗa ba ya mayar wa ubansa magana sau biyu. Na sunkuyar da kai ina kwance igiya, hannuna a kan haƙarƙarin jakin, ana iya ƙirga su ta cikin fata. Na san tafiyar da na yi kafin in tara ciyawar nan, na kuma san ba wata a ko'ina. In aka kwaɓa ta a ƙasa, Duna ba zai ga damina ba.

Ashe Gwaggo tana ji daga bayan zana. Ta fito da jaririn a kafaɗa ta ce, "Yaya, ka bar wa jakin nan abincinsa. In ya faɗi, ba ni kaɗai ba, gidan nan duka ne zai kwana da yunwa. Ni zan koma can, ko a rumfar wani ne in raɓa."

Baba ya ce, "Can ɗin da suka rako ki da tabarma ɗaya? Ba inda za ki."

Ta ce, "To ni kuma ba zan shiga ɗakin da aka gina da abincin yaran nan ba."

Ba wanda ya ɗaga murya a cikinsu. Ta juya ta koma rumfarta, muna jin ƙarar 'yan kwanukanta tana haɗa su a zane. Baba ya tsaya a tsakar gida kamar an dasa shi. Zauren kuma ya yi tsit, Kaka ya daina murza igiya.

Washegari bayan mun idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na ɗauki tsani zan hau rumfar ciyawa, sai Kaka ya kira ni. Ya ce, "Kai, ajiye wannan. Zo ka sauko mini da igiyoyin nan."

Na ce, "Wace daga ciki, Kaka?"

Ya ce, "Duka."

Na hau na yi ta sauko da su har suka yi tsibi a gabansa. Ya lalubo guda, ya kama bakinta da farce da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya kwance ƙullin, ya fara warwarewa. Ya ce in ɗauko adda da gungume, abin da ya warware in dinga sarawa kamar tsawon yatsa. Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "Ka ji ni ko ba ka ji ba?" Na ɗauko adda.

Ƙarar saran ce ta shigo da Baba. Ya dubi tsibin, ya dubi mahaifinsa, ya tsuguna ya ce, "Baba, me ake yi haka?"

Kaka ya ce, "Ramno ake yi."

"Wannan fa wahalarka ce ta shekara guda. Damina na faɗuwa za a zo nema."

"Su zo. Sai a ce musu babu."

"Ka taɓa ganin an kwaɓa ƙasar gini da rama?"

Kaka ya ce, "Ban taɓa gani ba, ban kuma taɓa ji ba. Amma ita ciyawar ai riƙe ƙasa kawai take yi, wannan kuwa tana riƙe bijimi. Zauna ka kama mini, yatsuna ba su da saurin da."

Baba ya zauna. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar yaron da aka yi wa faɗa. Muka wuni mu uku, su suna warwarewa ni ina sara. Igiyar da aka tufka da kyau ba ta son warwaruwa, sai da gefen faratan Kaka ya yi jini. Ta ƙarshe ita ce ta guga, doguwa, mai kauri, wadda ya fi daɗewa a kanta. Ita kam ya riƙe ta a cinya ya jima. Ya buɗe hannuwa yana auna ta gaba-gaba har ya kai ƙarshe, leɓensa yana motsi, sannan ya miƙo mini ya ce in fara. Gwaggo ta shigo ta ga abin da ake yi, ta zube a gabansa tana kuka tana cewa don Allah a bari. Ya lalubo kanta ya dafa, ya ce, "Tashi ki kwance kayanki. In kin gama ki kawo mana ruwa, ƙishi muke ji."

Kwaɓin farko bai yi ba. Muka zuba ramar da yawa lokaci guda, sai ta cukurkuɗe ta dunƙule wuri ɗaya kamar gashin da ba a taje ba, wani wajen ya cika, wani wajen ba ko zare. Na ce a raina an yi asarar igiya a banza. Kaka ya sa aka ɗebo masa ƙasar ya matsa a hannu. Ya ce a tsince dunƙulen a sake sarawa su ƙara gajarta, a tsefe su sosai, a dinga barbaɗawa kaɗan-kaɗan kamar gishiri. Sannan ya ce in kama shi. Ya tattare rigarsa, ya dafa kafaɗata, ya shiga cikin ƙasar nan mai sanyi da 'yan ƙafafunsa kamar sillen kara. Muka yi ta zagayawa tare, nauyinsa a kaina, numfashinsa a kunnena, yana cewa Baba ya ƙara, ya ƙara, nan wajen bai samu ba. Can ya tsaya ya ce ta isa. Ni ma a lokacin na ji ta, ƙasar ta daina zamewa, in ka ɗaga ƙafa sai ka ji tana ja kamar ba ta son sakinka.

Maƙwabta sun zo, amma ba irin gayyar da na sani ba ce. Mutane ba su da ƙarfi, mutum ya taka kaɗan sai ya fita ya zauna yana haki. Ba fura, kunun tsamiya ne tsararo Inna ta dama, ba kuma wanda ya ɗauko waƙa. Haka muka mulmula tubalin muka jera, kullum da safe in je in duba da fargaba. Suka bushe ba su tsage ba, in ka duba da kyau sai ka ga fararen zare sun leƙo kamar furfura. Kaka ya sa aka ɗaga guda aka saki a kan dandaryar ƙasa, ya karkata kunne ya saurari ƙarar, ya ce a ɗora. Wani tsohon yaronsa da ya koya wa gini ne ya hau bango, ni nake jefa masa. Azara kuma daga tsohon ɗakin kakarmu da ya daɗe da zubewa muka tono, aka yi rufin soro aka sa indararo.

Jaririn bai shiga ɗakin ba. Ana cikin yaɓe tarin nan ya tafi da shi, muka kai shi makwancinsa da hantsi, da azahar muka dawo muka ci gaba da yaɓe, don gabas ta fara haɗa hadari. Gwaggo ta tare ita da 'yarta. Ruwan farko da la'asar ya sauko, mai ƙarfi da iska, ni da Baba muka tsaya a cikinsa muna kallon bangon, ruwa yana dukansa yana gangarewa, indararo yana zuba. Ba abin da ya motsa. Baba ya share fuska ya ce alhamdu lillahi, ya wuce ya ɗauko fartanya. Duna ya cinye ciyawarsa har tsinken ƙarshe, ya iso damina a rame, da miki a gadon baya, amma da ƙafarsa.

Masu sayen igiya sun zo kamar yadda suka saba, aka ce musu babu. Kaka ya zauna a zaure hannu wofi. Wani lokaci in shigo in tarar yana murza tafin hannunsa a kan juna ba komai a ciki. Da sabuwar rama ta isa muka jiƙa muka kawo masa, ya tufka 'yar gajeriya guda ya ajiye, ya ce yatsunsa sun ƙage. Bai sake ba. Goro kuwa Baba bai taɓa bari ya tambaya ba, kullum kafin ya fita yakan tura guda a ƙarƙashin buzun sallarsa, Kaka ya lalubo ya ɗauka, ba wanda ya taɓa ɗaga zancen a cikinsu har Allah ya karɓi abinsa.

Daga nan shekaru suka yi ta tafiya, ban ma san yadda suka wuce ba. Siminti ya shigo, kwano ya shigo, aka wayi gari ginin ƙasa ya zama abin kunya, in za a ba da 'ya sai a tambaya ko ɗakin na bulo ne. Ni ma da nawa 'ya'yan suka tashi aure bulo na saya musu, suna kwana a ciki suna juyi da bazara kamar masa a tanda, ga shi sai an nemi wuta an kunna fanka. Gonar Baba da muke wuni ba mu kai ƙarshenta ba an raba ta, an sake rabawa, yanzu rabon kowa bai fi ya tsaya a wannan iyaka ya yi magana da na waccan ba. Gwaggo ba ta sake aure ba, a ɗakin nan ta tsufa, a cikinsa ta cika. 'Yarta aka kai ta aure wajen Dawanau. Ɗakin ya zama na ajiyar buhuna, ba a ko yi masa yaɓe a kan kari, amma yana tsaye.

Da aka raba gida, ɓangaren ya faɗa rabon ƙanena, bayan rasuwarsa ya koma hannun 'ya'yansa. Titi kuma ya matso har ya zama bayan ɗakin ne yake kallon hanya. Bara babban cikinsu ya zo ya durƙusa a gabana, yaro ne mai ladabi, ya ce yana so ya fitar da shago a wurin, ga iyali sun yi yawa ga noma ba ya riƙe gida, amma ba zai taɓa ba sai na yarda. Me zan ce masa? Gaskiya ya faɗa. Na ce Allah ya sa albarka. Ban je kallo ba, daga zaure nake jin dukan diga, wuni guda suna yi, leburan suna mita wai bangon ya ƙi faɗuwa, in sun fasa sai ya rataya. Na ja mayafina na juya wa ƙofa baya.

Watan jiya 'yar Gwaggo ta zo gaisuwar wata rasuwa. Ita ma ta tsufa, da sanda take tafiya, jikarta ce take riƙe mata jaka. Bayan mun gaisa mun lissafa waɗanda suka rage, ba su da yawa, sai ta ce, "Yaya, raka ni in ga ɗakinmu." Sai kawai na yunƙura na tashi. Muka zagaya ta waje a hankali, tana tsayawa ina tsayawa, har bakin titi. Na nuna mata shagon. Ƙofar ƙarfe ce shuɗiya, wani yaro yana zaune a ciki da wayoyin mutane jere a kan teburi yana yi musu caji, rediyo yana ta surutu. Shagon a kan tushen ɗakin aka ɗora shi, ba a ƙara ba, ba a rage ba.

Ta daɗe tana kallo, ta dubi wannan kusurwa ta dubi waccan. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe ɗan ƙarami ne. Ni a raina wani makeken ɗaki nake gani."

Na ce, "Iyakar inda igiyar ta kai ke nan."